Muryar Girkin Amarya

Ko zan manta komai na zamana a Kabo, ba zan manta ranar da na tafi neman mai muryar nan ba.

Hannu na fara gani. Hoto ne ya faɗo wayata: hannun mace da jan lalle, riƙe da kwanon dambu, a ƙasa an rubuta "Girkin Amarya, har inda kake". Ba su da shago, ba su da rumfa, sai dai a kawo maka. Kullum da hantsi saƙon murya zai shigo guruf ɗinmu na malaman makaranta: "Abinci ya sauka, a yi bismilla." Siririyar murya, da 'yar dariya a ƙarshe. Ni kuwa lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Na ƙera mata fuska, har na gaya wa yayata na samu matar aure.

Sai da na matsa wa mai babur ɗin da ke kawo abincin, sannan ya kwatanta min wani gida a bayan Gwarzo, hanyar Getso. Na sa sabuwar shadda na tafi.

Gidan tsit. Tukwane uku na tafasa a kan murhu, ba kowa. Na yi sallama sau biyu. Sai na ji muryar daga cikin ɗaki: "Abinci ya sauka, a yi bismilla." Da dariyar. Ta sake faɗa, ko numfashi bai canza ba.

Wani magidanci mai furfura ya ɗaga labule, waya a hannunsa.

"Malam, abinci za a zuba?"

"Baba, mai girkin nake nema."

"Ga ni."

"Mai muryar fa?"

Ya dubi shaddata, ya daɗe.

"Maiɗakina ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Da na sa tawa muryar, mutane suka ce miyar ta canza, alhali tun tana kwance ni ke girkin. Sai na mayar da tata." Ya jawo tabarma. "Zauna ka ci, ai ta ce a yi bismilla."

Loma ɗaya na iya haɗiyewa.

Ranar na gane talla hannu da murya kawai take ba ka, sauran kai kake ƙarasawa da zuciyarka.

Bara na ji ya bar wa 'yarsa girkin, ta sa tata muryar. Shi kuwa, an ce har yau ba ya kai loma baki sai ya kunna tsohon saƙon, ya amsa: "Bismilla."