Durƙuson da Baffa Ya Ƙi Yi a Zauren Madubai

Har yau idan na ji warin man goge daɓen katako sai raina ya ɓaci, ko da kuwa a biro ne, wurin aikina. Warin fadar Versailles ke nan, kuma ba na ƙaunar wurin ko kaɗan.

Ina da shekara goma lokacin. Muna zaune a Saint-Fons, kusa da Lyon, inda Baba ke aiki a luzin, wato masana'antar sinadarai. Ƙanensa kuwa, baffana, ma'aikacin ofis ne a Paris, mai ɗaura karabat a wuya da fesa turare. Shekara uku ba sa ga maciji. Wata rana ce Baba ya je gidansa ya tarar da baƙi Turawa, sai Baffa ya gabatar da shi da cewa wani ɗan garinsu ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, ka ji. Baba ya ajiye kofin shayi ya fito, bai sake buɗe baki a kan maganar ba.

Da damina ta wuce a gida, Kaka ta zo daga Damagaram ganin likita. Ita ta ji labarin cewa akwai gidan sarauta inda Turawa suka yi sulhu bayan babban yaƙinsu na farko, ta ce can za a kai ta, kuma da 'ya'yan nata biyu. Wa ya isa ya ce a'a? Muka hau jirgin ƙasa ranar Asabar zuwa Paris, Baffa ya tarye mu muka wuce fadar.

A bakin ƙofa Kaka ta tuɓe takalmi, don ba a shiga fada da shi. Baffa ya yi ta raɗa yana waige-waige.

"Inna, don Allah ki mayar. Ana kallonmu."

Ba ta ko dube shi ba. Haka ta bi ɗakunan nan da ƙafa mai lalle, daɓen yana ƙara a ƙarƙashinmu, ga sanyi, ga gadajen da babu mai kwana a kansu. A dogon zauren madubai Baffa ya gyara murya ya soma bayani kamar shi ya gina wurin. Kaka ta katse shi.

"To, ga wurin sulhu. Durƙusa wa yayanka ka roƙi gafara."

Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ɗan fari ne. Da haɓa kawai ta nuna shi.

Na ga Baffa ya dubi mutane, ya dubi wandonsa mai guga, ya dubi kansa a madubi. Sai ya miƙo hannu yana murmushin ofis.

"Bon, Yaya, a manta. C'est fini, ya wuce."

Baba ya bar hannun a iska. Ya juya wajen Kaka ya ce, "Inna, ki tambaye shi shekara nawa sulhun ɗakin nan ya yi."

Baffa ya yi ƙasa da murya ya ce ashirin, daga nan aka koma yaƙi, wanda ya fi na farko muni.

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa takalminta a tsakiyar zauren ta ce a mayar da ita gida. Ban taɓa jin tsanar wani babba ba sai ranar, kuma ban ji kunyar tsanar ba. Abin da tsohuwar nan ta roƙa bai fi ƙiftawar ido ba. Ta koma Damagaram, ta rasu bayan shekara biyu, 'ya'yanta na gaisa da juna ta bakin matansu.

Yanzu mu 'ya'yansu muna hira ta waya kullum, na Paris da na Lyon, babu mai durƙusa wa kowa, babu ma mai neman a yi masa. Ƙila hakan ya fi sauƙi, ban sani ba.

Bara Baba ya rasu. Baffa ya zo da sanda, ya tsufa tukuf. Kafin a fita da gawar ya matso kusa da ita yana kuka, ya yi ta ƙoƙarin kai gwiwa ƙasa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ni ce mafi kusa da shi. Ya dube ni, yana neman kafaɗar da zai dafa.

Allah Ya yafe mini, ban matsa ba.