Malama Ikilima da Sunan da Muka Liƙa Mata

Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, Bushra ta kira ni ta ce mahaifiyarta, Malama Ikilima Hammanjoda, ta rasu a gidansu da ke unguwar Barade. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama, shekara goma sha ɗaya muna koyarwa a firamare ɗaya, ajina jikin naki. Yawancin ɗalibanki 'ya'yan manoma ne. Idan girbin shinkafa ya zo kin san iyaye za su kwashe su zuwa gona ko kin yarda ko ba ki yarda ba, sai ki sallame su da kanki. Ranar Asabar kuma ki hau acaba da alli a jaka, ki bi su har gonakinsu a Iware ki rama musu karatun. Ba wanda ya sa ki, ba wanda ya gode miki.

A irin wannan mako ne mai duba makarantu, Mista Rufus, ya iso. Ya ƙirga kawuna a ajinki, ya sami tara cikin sittin da biyu. Bai tambayi dalili ba. Ya tara mu a ofis ya ce yawan ɗalibanki ya yi "nosedive". Don kada Turancin ya wuce wani, ya ɗaga hannu ya kwatanta jirgin sama yana sulmiyowa da hanci, har ya buga tebur. Muka bushe da dariya. Wallahi tawa ta fi ta kowa ƙarfi, alhali na san inda yaran suke.

Kafin wata ya ƙare an karɓe ajinki, an mayar da ke gadin sito. Har masu tallan awara a bakin get suna kiran ki Madam Nosdaif. Ni na raɗa sunan.

Jiya na ga abokan dariyata sun cika tabarmar makoki, kowa na cewa ke uwa ce. Kunya dai ba ta kashe mutum.

Da ciwo ya kwantar da ke na je neman gafara. Kika saurare ni har na gama, kika ce, "Nasiru, gafara ta Allah ce. Ja min ƙofa." Kika juya fuska ga bango.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba Bushra da ƙannenta haƙuri. Mu kuwa, kin tafi ba ki yafe ba, kuma kin yi daidai.