Shukar Tsohon Ɗan Sin a Gidanmu na Nuzla

Ni fa ban ce wa kowa ina neman raino ba. Kwali nake ɗauka a wani sito a unguwar Khumra, nan ƙasar Larabawa, in an tashi in kama gabana. Laifina ɗaya, duk lokacin da tsohon ɗan Sin mai riƙe da makullin siton ya yi Larabcinsa sai in yi dariya, shi kuma ya ɗauka ƙauna ce. Da zai tafi hutu ƙasarsu sai ya ja ni gefe ya ɗora min tukunya a hannu.

Abin da ke ciki ko akuya ba za ta tsaya masa ba. 'Yan karare ne masu gaɓa-gaɓa kamar raken da ya sha yunwa, a manne jikin ɓawon itace, ba ƙasa ko kaɗan. Ya ce shuka ce, a duwatsun garinsu take fitowa, ana dafa ta don ciwon ciki da bushewar maƙogwaro, mutane suka yi ta tsinka har ta kusa ƙarewa. Wannan daga hannun mahaifinsa ta fito, ba shi da wata. Ya ɗaga min yatsa: "Turab mafi. Moya shuwayya." Wato ban da ƙasa, ruwa kuma kaɗan. Na ce halas, shi ke nan.

Sito tanda ne in an kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don haka na kai ta gidanmu a unguwar Nuzla. Kakata, da muke kira Sitti, ta leƙa tukunyar ta dube ni.

"Wane marar imani ne ya bar shuka ba ƙasa?"

"Sitti, haka take so."

"Ita ta faɗa maka? Kai ma haka kake so, ba karatu ba aure."

Washegari na dawo na tarar an cika tukunyar da ƙasa, an ƙara da ganyen shayi, ana ba ta Zamzam safe da yamma. Na kwashe, ta mayar. Don in tsorata ta sai na ce magani ne mai wuyar samu, a duniya ma saura kaɗan. A layinmu kuwa ba a furta magani da ƙarfi. Kafin la'asar mata sun fara sallama: mai gwiwa, mai hawan jini, har da wadda matsalarta kawai mijinta ba ya dawowa da wuri. Sitti kuwa ta gwammace a ce ba ta da zani da a ce ta hana maƙwabciya magani. Almakashi ta ajiye kusa da tukunyar, kowa gaɓa ɗaya, a yi mata addu'a.

Abin da almakashi ya bari, gata ya ƙarasa. Ranar da tsohon ya dawo, saiwar ta yi baƙi tana wari.

Da ƙafarsa ya biyo ni har ƙofar gida. Ya karɓi tukunyar, ya tona da yatsa, ya zauna a dakali da ita a cinya. Na so a ce zagina ya yi, ko da yarensu ne.

Ana haka sai maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa, mai gwiwar nan, ta fito da tsumman buhu a hannu. Ashe gaɓar da ta karɓa ta naɗe ta ajiye a taga, daidai inda mukayyif ke ɗiga, gwiwar ta daina ciwo da kanta, ta manta. Ga saiwa farare sun fito, ga ɗan ganye kamar kunnen ɓera. Zuwa ta yi ta tambayi Sitti ko har yanzu ana iya dafawa.

Tsohon ya miƙe. Ya kai hannu, ta janye, ta juyo gare ni.

"Ya haka, ɗan nan? Ba ni aka yi."

Aka mayar da ni tafinta. Ya ce ta mahaifinsa ce. Ta ce Allah ya jiƙan tsoho, amma abin da aka bayar don Allah ba a karɓa. Ya ce irin wannan halin ne ya ƙarar da ita a duwatsunsu, kowa a sam masa kaɗan. Na rage wa maganar gishiri kafin in isar, amma Sitti tana jin Larabcin sito fiye da yadda take nunawa. Ta gyara mayafi ta matso bakin ƙofa.

"Ka faɗa masa wadda muka yi wa gata ta mutu, ta hannun mai roƙo ce ta rage. In yana so, ya yi yadda kowa ke yi a layin nan. Ya yi sallama, ya ce gwiwarsa na ciwo, a sam masa kaɗan."