Kawu Mamman Diresa da Zumar Asibiti

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Mamman Diresa wani abu ya san inda abin zai fara zuwa: hanci. Ko goro ne, ko ƙwayar magani, ko katin ɗaurin aure, sai ya shinshina tukuna, sannan ya ɗago ido ya dube ka kamar ya kama ka da akuyar sata, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ko gaisuwa ka tsawaita mashi sai ya tambayi dalili. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka Uwata yake kirana. Amma wallahi uwar tasa ma ba ta tsira daga tuhuma ba!

Ya fi shekara talatin yana aikin diresa, wato wanke wa mutane gyambo, a ɗakin shan magani kafin ya yi ritaya ya koma gida Yasore. Kayan aikinsa uku ne: aidin, shuɗin magani, da tsawa. Kun san maganarsa: "Maganin da bai sa ƙato ihu ba, ruwa ne."

Na gargajiya ma bai bar su sun sha ruwa ba. Wata ranar kasuwar Batsari aka kawo mashi wani magidanci da salansar babur ta ƙone wa ƙauri, ya lafta wa wurin baƙin mai. Kawu ya sunkuya, ya shinshina, ya miƙe.

"Kai, mutum ne kai ko babur?"

"Mutum ne, Baba."

"To wa ya yi maka juye?"

Rigimarmu da shi ta fara ne bayan na zama ma'aikaciyar jinya a Safana. An tura mu wani kwas, aka koya mana cewa ba a barin miki ya bushe ƙamas. A wanke shi da ruwan gishiri na asibiti, a rufe shi da danshinsa, ya fi saurin cikowa. Na zo gida da zumuɗi ina ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa ƙafa.

"Uwata, wa ya ce a rufe?"

"Masu bincike, Kawu. Sun gwada sun gani."

"Masu binciken nan, ba su da ɗan'uwa mai sayar da bandeji?"

Na ce don Allah Kawu! Ya ce, "Ni dai na san duk wanda ya ce a rufe abu, akwai abin da ba ya so a gani." Tun daga ranar, in na ɓata mashi rai, ba Uwata ba ce, Likitar Waya ce, wai don ya taɓa ganina ina duba sunan wani magani a waya.

To, ashe mai cewa kada a rufe shi ne babban mai rufewa. Kawu yana da ciwon suga, ya kuma ƙi yarda, don a cewarsa injin awon ne ke da suga. Bayan girbi ya taka kututturen dawa a gona, ya huda mashi tafin ƙafa. Bai ji wani zafi ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Sati uku yana zuba aidin a ɓoye yana sa safa. Matarsa Inna Kulu ce ta kira ni.

"Ke zo ki ga kawunki. Mutumin da ko silifa sai an roƙe shi, shi ne da safa da rana tsaka."

Da na zo na ce ya cire, ya ce sanyi yake ji. Gumi kuwa na tsiyaya daga gemunsa. Inna Kulu ta ce, "Malam, hancin da kake shinshinar kayan mutane da shi, ba ya jin na gida ne?" Sai ya cire. Jama'a, ban yi dariya ba ranar nan. Wurin ya yi baƙi a gefe, ƙafar ta kumbura. Na san irin wannan ƙafar, na kuma san yadda da yawansu ke ƙarewa. Washegari muka shiga mota sai Katsina.

Likitar da ta duba shi mace ce, ba ta wuce sa'ata ba. Ta ce dole a yanke mataccen naman, a ba shi magani, a saukar da suga, ya daina taka ƙafar. In ba haka ba, maganar ta wuce yatsa, ƙafar ce za a yanke. Aka kawo takardar da zai sa hannu. Ya shinshina ta, ya ba ni na karanta mashi. Ya karɓa ya kai wa wani malamin makaranta da ke jinyar ɗan'uwansa a gadon kusa, shi ma ya karanta. Sannan ya sa aka kira mai shara.

"Kawu, shi kuma fa?"

"Ku biyu kun yi boko, bakinku ɗaya. Shi wannan ba a sanar da shi ba."

Mai shara ya ce shi bai iya karatu ba. Kawu ya ce, "Madalla, ga mai gaskiya." Da ƙyar ya sa hannu, bayan likita ta zana mashi da biro a kan fata iyakar inda wuƙa za ta tsaya.

Bayan an yi aikin, sai ga likitar da wani ɗan kwali, ta ce da wannan za a riƙa rufe wurin, zuma ce da aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta. Na ce yau akwai kallo. Kawu ya kai hanci, ya daɗe.

"Zuma? Zumar da kakata ke sa mana, aka ce mana jahilci ne? Yanzu kun sa mata kwali kun koya mata Turanci?"

Likita ta yi dariya ta ce ba kowace zuma ba, kuma kada ya kuskura ya sa ta kasuwa.

"To wannan ɗin za ta warkar da ni?"

Ta ce, "Baba, ban sani ba. An gwada ta, wasu ta taimake su, wasu ba ta yi ba. Za mu riƙa auna wurin duk mako muna ɗaukar hoto. In bai ragu ba mu canza."

Kawu ya bi ta da kallo. Da ta fita ya jawo mayafina ya ce a hankali, "Uwata, tun da na fara aiki ban taɓa jin likita ya ce bai sani ba. Ko dai mai gaskiya ce, ko kuma ta fi su duka wayo. Ki sa mata ido."

Shi ma ya sa nasa idon. Da muka koma gida ni ke zuwa ina canza mashi bandeji, duk mako kuma mu je awo. Kullum kafin in rufe sai ya ce in juya baya. Rannan na waiga, sai na gan shi da tsinken tsintsiya, yana gwada faɗin mikin yana karyawa daidai. Ashe ya jera su a cikin gwangwanin ashana na da, kowane mako da tsinkensa, wai don kada a yi mashi maguɗi a hoto. Wata na uku ya ɗauki gwangwanin har Katsina, ya zazzage a kan teburin likita, daga dogo zuwa ɗan guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta jera su kusa da awonta, suka yi daidai.

Ta ce, "To Baba, yanzu ka yarda?"

"Na yarda ba ki yi ƙarya ba."

"Maganin fa?"

"Wane magani? Ko sau ɗaya bai sa ni ihu ba. Mikin ne ya ga ana sa mashi ido, ya ji kunya ya tafi."

Damina biyu ya ƙara yana zuwa gona da ƙafafunsa, cikin takalmin da likita ta sa shi saya, yana tafe yana zagin takalmin. Ba ƙafar ce ta yi ajalinsa ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ranar ta biyar bayan la'asar ya cika.

Ranar sadakar uku na ga abin da ban zata ba. Mutane suka yi ta zuwa daga Darini, daga rugage, daga wuraren da ban san ya taɓa takawa ba. Wani tsohon makiyayi ya gaisa da maza a ƙofar gida, ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabon ƙaho tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ce wata biyu Kawu na bin sa ruga a keke yana wanke mashi, kullum da faɗa. Na kusa da shi ya buɗe hannu, wani ya nuna diddige. A cikin gida wata tsohuwa ta kama hannuna ta ɗora a kan tabon ƙuna a kafaɗarta. Mu da muke tare da shi, ko ɗaya bai taɓa ba mu labari ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Mamman. Allah Ya yafe mashi tsawar, Ya karɓi aikin hannun. Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Inna Kulu haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.