Gawon Gidan Tanimu

Shekara talatin ina faci a gindin bangon kasuwar Tawa, ban taɓa ganin keken da ya sha wuya kamar na Attahiru ba. Baƙi ne, tsoho tukuf, sirdinsa naɗe da fatar akuya, ƙararrawar ta daɗe da shaƙewa. Tayar baya kuwa na yi mata faci har na rasa inda zan ɗora wani. Da aka karya darajar sefa sabuwar taya ta gagari talaka, sai muka koma cusa tsumma. A haka yake zagaye kasuwannin Adar da akwatin kolinsa, allura da zare da kwalli, yau Barmu, jibi Afala, wani lokaci har Tebaram.

Wannan sana'a ce, ba mai ce masa uffan. Abin da ake masa dariya a kai shi ne na damina. Idan ruwa ya zauna, kowa ya duƙufa a gona, kasuwa ta mutu, sai Attahiru ya sauke akwatin, ya rataya gora, ya hau keke ya yi kwana uku ko huɗu, ba saye ba sayarwa. Kallo kawai. Ya ga inda tabki ya cika, inda gero ya kai ƙugu, inda Abzinawa suka sauka da raƙumansu. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya ce ai wannan shi ake kira yawon buɗe ido, kuma nasara aka sani da shi. Tun daga ranar masu shayi suka laƙaba masa Nasaran Adar. Marasa aikin yi! Ba wanda ya tambayi kansa don wa mutumin yake buɗe idon. Ni na sani, don katangarmu ɗaya da shi.

Matarsa Saratu ta makance tun kafin a fara zancen jam'iyyu. Yanar ido ce ta rufe mata gani sannu a hankali, har ta daina bambance tsakar rana da almuru. Ɗansu ɗaya, Lawali, yana Abijan. Saboda haka duk abin da Saratu take gani na duniya, ta bakin Attahiru take ganinsa. In ya dawo, ko ƙafa bai wanke ba za ta shimfiɗa masa tabarma ta fara tambaya, ni kuma ina jin su ta kan katanga. Mutumin da a kasuwa sai ka yi da gaske ka ji muryarsa, a gabanta sai ya zama maroƙi. Ya kwatanta mata launin ruwan tabki, ya kwaikwayi kukan raƙumi, tana dariya har da tafi.

Tambayarta ta ƙarshe kullum ɗaya ce.

"Malam, gawonmu hwa?"

Gidan Tanimu wata ƴar tunga ce gaba da Afala, sunan mahaifinta ta ci. Mutanenta sun watse tun babbar yunwa, ba abin da ya rage sai rijiya da wani ƙaton gawo. A inuwarsa uwarta take daka da rani, a jikinsa ubanta ya kafa wani ƙarfe da yake rataye guga. Saratu ba ta da sauran kowa a can, itacen nan shi ne danginta.

"Shina nan," in ji Attahiru. "Ya hi bara girma."

"Ka taɓa ƙarhen Baba?"

"Na taɓa shi."

Shekaru da yawa gaskiya yake faɗa. Amma a daminar 1992 ya dawo, maimakon ya wuce gida sai ya jingine keken a rumfata ya zauna, ya yi tagumi. Na duba taya, lafiyarta lau. Can ya ce, "An sare shi. Kututture ɗai nit tarar."

Ba mu taɓa sanin wanda ya sare ba, kuma ban ga amfanin sani ba. Lokacin kowa ta kansa yake yi. Motocin ƴan siyasa suna ta kai da kawo da lasifika, ana alkawarin rijiyoyi da dashen itace, su kuma amalanken jakai suna shigowa Tawa kowace safiya shaƙe da icce. Wa ya saya? Mu. Wataƙila da reshen gawon nan aka tuƙa tuwon gidana, na cinye na lashe hannu.

Washegari na tambaye shi abin da ya ce mata.

"Mi za ni ce? Na ce shina nan."

Haka ya ci gaba har damina uku. Ni ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba.

A 1995 Saratu ta yi wata jinya da bazara, ta tashi da ƙyar. Tana samun sauƙi ta ce ita ma a kai ta buɗe ido. Ta ce shekara da shekaru yana zuwa shi kaɗai, ita ba ta son tabki ba ta son raƙumi, a kai ta gindin gawon ubanta ta zauna ko sau ɗaya kafin ta mutu. Attahiru ya ce hanya ba kyau, ta ce ta ji. Ya ce keken ba zai ɗauki biyu ba, ta leƙo da murya ta kan katanga ta ce in gyara shi. Ya zo wurina idonsa ja.

Nan ne na yi abin da nake cizon yatsa a kansa. Ni mai wayo, ni mai dabara.

"Kai dai ba ka da hikima," na ce masa. "Kai ta da damana. Yaushe gawo ya taɓa yin inuwa da damana? Ganye nai duk ya zube. Ka zaunad da ita kusa da rijiya, ka ce ga shi nan bisa kanku. In rana ta buge ta, ai ta san halin gawo."

Ya dube ni kamar na ciro shi daga rijiya. Na ɗaure sarƙa, na ƙara wa tayar baya tsumma, na naɗa tsohon bargo a mazaunin baya. Suka tashi da sassafe bayan wani ruwa mai ƙarfi, lokacin da rairayi ya daddale. Masu shayi suna ihu, wai yau Nasara ya ɗauki madam.

Abin da ya faru a can, shi ya ba ni labari da bakinsa.

Tafiyar ta yi daɗi. Tana riƙe da rigarsa, yana faɗa mata abin da suke wucewa, tana cewa ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ji masu noma suna waƙa. Suka kwana wurin wani abokin cinikinsa a Afala, da hantsi suka isa. Ya shimfiɗa mata bargon, ya ce to ga su a gindinsa.

Ta ɗaga fuska sama ta kasa kunne.

"Ba ni jin kurciya, Malam."

"Sun tahi kiwo cikin gonaki."

"Kai ni in taɓa shi."

"Rina sun yi gida ga jikinai, kak ki matsa."

Ba ta yi musu ba. Ta ce to ya kai ta bakin rijiya ta sha ruwan gida. Da ta dafa itacen bakin rijiyar, ta laluba inda igiya ta cinye shi, sai ta miƙe ta tuɓe takalmanta. Attahiru ya ce nan ya gane gwada maganarsa take yi, don ba mai hankalin da zai taka ƙarƙashin gawo ba takalmi, ƙaya ce ko'ina. Ta juya gabas ta fara tafiya ita kaɗai, hanyar da ta bi da tulu tun tana yarinya. Ba ƙaya ko ɗaya. Ya bi ta a baya har ƙaurinta ya bugi kututturen.

Ta durƙusa ta shafa shi tun daga gefe har tsakiya. Gara ta riga ta ci rabi.

"Wanga sara ba na bana ba na," ta ce. "Shekara nawa?"

"Ukku."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zauna a kan kututturen ta daɗe, sannan ta tambaye shi a hankali, ba faɗa ba zargi.

"Tabkin da kac ce mani ya cika bara, har yara na wanka, shi ya cika?"

Ya rantse mata ya cika. Kuma wallahi ya cika, kowa a Tawa ya san ruwan bara. Ta ce to.

Saratu ba ta mutu a shekarar ba, ta ƙara shekara huɗu. Ba ta taɓa yi masa gori ba, tuwonsa bai taɓa makara ba. Da damina ta zagayo ya sake hawa keken, ya yi kwana huɗu, ya je nesa fiye da kullum don ya samo mata abin da zai faɗa. Ina bayan katanga lokacin da ya shigo. Na ji ya jingine keken, na ji ya zauna, na ji ya fara da zumuɗi, wai ya ga garken raƙuma farare tas sun fi ɗari suna shan ruwa, kuma na san bai ƙara ko ɗaya ba.

Ta bari ya kai tsakiya, sannan ta tura masa ƙwarya.

"Sha ruwa, Malam," ta ce. "Ka gaji."