Barmo Ya Ba da Hayar Hannun Jarinsa

Cikin Hausawan da suka fara zuwa sari birnin Guangzhou na ƙasar Sin, babu wanda bai san Barmo ɗan Fagge ba. Gajere ne mai tumbi, yana sayen zif da maɓallai a kasuwar Shisanhang yana aika wa telolin Kano. Halinsa ɗaya, ba ya iya ganin abu a ajiye. Ɗakinsa na unguwar Sanyuanli ma da rana hayarsa yake bai wa baƙi su jibge kaya, shi kuma ya yi ƙailula a kan buhunan.

A 1998 kasuwannin Asiya suka durƙushe. Wani dillali mai ofis a unguwar Tianhe, Mista Liang, ya ce masa hannun jarin wani kamfanin kayan kwamfuta ya faɗi warwas a Hong Kong, ya fi tumatirin kaka arha. Barmo bai taɓa danna kwamfuta ba, amma yana jiyo ƙamshin arha daga nesa. Ya saya.

Kamfanin ya soma farfaɗowa a hankali, kamar majinyacin da ya fara shan kunu. Barmo ya ƙosa, ya koma Tianhe.

"Lawban," ya ce, don haka ake kiran maigida a can, "abin nan haka zai yi ta kwanciya ba ya haihuwa?"

Liang ya nuna masa wata dabara ta ba da hayar hannun jarin. Da yamma Barmo ya warware wa amininsa Maidaji, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin shadda.

"Ɗauka rago gare ka. Wani ya ba ka na goro, bisa sharaɗin in ya ga dama zai saye shi a ƙarshen wata kan farashin da kuka yanke yau. In bai zo ba, rago naka, na goro naka. Wata mai zuwa ka sake karɓar na wani."

"In ragon ya zama sa kafin nan fa?" in ji Maidaji.

"Haba Yaya, a ina ka taɓa gani?"

"To ka tambayi malamai halaccin abin?"

"Malaman nan duk 'yan sari ne. Ina tambaya za su riga ni wurin Liang."

Wata da watanni abin yana tafiya. Farashi na rarrafe, mai saye ba ya zuwa, na goro yana shigowa. Barmo ya daina cin taliya a tsaye, ya koma zama a gidan abincin Musulmin Sin yana kiran gasasshen nama, har yana yi wa mutane tayi, abin da ba a taɓa gani ba.

Sai 1999 ta zo, duniya ta haukace da intanet. Cikin 'yan makonni farashin ya tsallake wanda aka yanke, ya ninka, ya sake ninkawa. Liang ya bugo waya: mai saye ya ɗauki hannun jarin a tsohon farashi.

Barmo ya isa Tianhe da takalmi a hannu.

"Kai ni wurinsa! Ko ɗan ihsani ai ya ƙara mini. Mutum ba kunya?"

Liang ya ce ba wanda ya san mutumin, kasuwa ce kawai.

"Ba shi da gida? Ba shi da uba?"

"Meyo," in ji Liang, wato babu.

A lissafi Barmo bai faɗi ba, riba ma ya ci. Amma ya kwanta ciwo, ya ce jininsa ne ya hau. Maidaji ya zo dubiya da lemo, ya zauna ya shanye rabi yana dariya.

Da ya warke sai ya zuba kuɗin a fulas ɗin shayi, kwantena guda, suka ƙare a Kano kafin azumi. Can ya buɗe shago, ya yi aure, ya ƙara ƙiba. Kwamfuta kuwa ya hana a shigo masa da ita gida, ya ce ba ya zama da maciya amana.