Tayar Sagbo da Kukan Zinsu

Sagbo ɗan acaɓa ne a Kwatano, cikin masu rigar nan rawaya mai lamba a baya. A unguwar Agla yake zaune, inda da rani yashi ke cinye taya, da damina kuma ruwa ya karɓi aikin. Tagwaye aka haife su, shi da Zinsu. Tun suna rarrafe Zinsu ya tafi daji neman itace, don a gidansu ba a cewa ɗan tagwai ya mutu. Aka sassaƙa masa ɗan gunki mai tsawon tafin hannu, ana yi masa wanka, ana ba shi wake da manja, kuma duk abin da aka saya wa Sagbo sai an saya masa. Da uwarsu ta rasu Sagbo ya karɓi riƙonsa. Ya ɗinka masa 'yar jaka, ya rataye ta a ƙarƙashin kariyar babur ta baya, wato ƙarfen ɗora kaya, inda rana ba ta kaiwa. Shekara da shekaru haka suke aiki tare, kuma Zinsu bai taɓa kawo ƙorafi ba.

Fasinjarsa ta kullum ita ce ƙanwar uwarsa, Tanti Ahwefa, mai sayar da kifi a kasuwar Dantokpa. Mace ce da Allah bai yi wa rowar jiki ba. Idan ta hau da kwanon kifinta, tayar baya takan nutse cikin yashin Agla har sai ta sauka an tura. Ranar da suka zube gaban masu sayar da burodi, Sagbo ya wuce wurin bakanikensa Akakpo ya ce a sa masa taya mai faɗi a baya.

"Wannan tayar ta fi ƙarfin babur ɗinka," in ji Akakpo. "Kamar ka sa wa ɗan akuya takalmin soja ne."

"Za ta shiga ko ba za ta shiga ba?"

"Komai yana shiga in da guduma."

Ta shiga. Akakpo ya juya ta da hannu, ba ta taɓa sarƙa ba, ba ta taɓa ƙarfe ba. Sagbo ya ratsa yashin Agla kamar a kan kwalta, yana gaisawa da mutanen da bai ma sani ba.

Washegari da Tanti ta hau, suna barin ƙofar gida sai ga wani siririn sauti daga baya, kamar jariri mai kuka a ɗaki na uku. Sagbo ya tsaya, sautin ya tsaya. Ya ja, sautin ya dawo.

"Me ka saya wa babur ɗin nan?" in ji Tanti.

"Taya."

"Guda nawa?"

"Ɗaya mana, Tanti. Ta baya ce ke nutsewa."

"Ƙafa biyu a jiki ɗaya, ka yi wa ɗaya sabon takalmi ka bar ɗaya da tsumma. Kai da aka haifa ku biyu! Ɗan'uwanka yana zaune a wurin yana kallo, kana tsammanin zai tafa maka?"

Sagbo ya yi makaranta har aji uku na sakandare, ya san taya roba ce. Amma ya kuma san abin da kowa ya sani a Agla: idan ran wanda ya tafi daji ya ɓaci, yakan kira ɗan'uwansa ya je ya taya shi ɗaukar itacen, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo da ko tsinke ba.

Ya koma wurin Akakpo a sa wa gaba irinta. Akakpo ya ce wannan kam ko guduma ta sallama. Da Sagbo ya ba shi labarin kukan, Akakpo ya hau babur ɗin ya zaga, shiru. "Kawo mini kukan in gani," ya ce, "ba na gyaran labari."

Sai Sagbo ya bi ta ɗaya hanyar. Ya sa aka dafa wake da manja ya ajiye a gindin jakar, ya shafa wa tayar gaba manja don a rarrashe ta. Jakar kuwa bai buɗe ba, don ba ya son su haɗa ido. Kukan bai daina ba, sai ma ya ƙara kauri. Idan ya ɗauki siririn ɗalibi babu komai, da Tanti ta hau sai a fara. Ita ta ce ai dole, gaban wa Zinsu zai kai ƙara in ba gaban uwa ba? Sagbo ya daina bi ta kan gada. Ya daina wuce tirela. Abinci ya daina wuce masa wuya, har rigar rawayar ta soma yi masa yawa. Matarsa ta same shi yana nuna wa babbar 'yarsu inda takardun babur suke, ta fita ta bar ɗakin.

Da abin ya ishe shi, ya ɗauki Tanti da kwanonta ya kai wa Akakpo kukan har gida.

"Mama, zauna daram kamar kina cinikin kifi," in ji Akakpo.

"Ka iya bakinka, ɗan baƙin mai. Na ga uwarka tana goyonka."

Sagbo ya tura, Akakpo yana binsu a tsugune kamar agwagwa. Nauyi ya danne babur, kariya ta sauko, gefen sabuwar tayar ya kamo 'yar jakar yana gurza. Akakpo ya miƙa hannu, sai kuma ya janye.

"Sagbo, zo ka ɗauki mutuminka da kanka."

Bayan jakar ya huje. Kafaɗar hagu ta Zinsu ta cinye har ta yi santsi, ga baƙin garin roba a kansa. Sagbo ya riƙe shi da hannu biyu.

"Taya ce ke cin itace," in ji Akakpo.

"Na ce muku shi ne ke kuka," in ji Tanti. "Kai in ana goge maka kafaɗa a kan titi waƙa za ka yi?"

Babu wanda ya ga abin musu a nan. Akakpo ya ce ko a cire tayar, ko a sauya wa Zinsu wuri. Tanti ta dubi yashin da ke jiranta a hanyar gida, ta ce ita a saninta tagwaye ba sa ƙin ci gaba.

Yanzu Zinsu a aljihun gaba yake, cikin 'yar riga rawaya da matar Sagbo ta ɗinka masa, kansa a waje yana kallon hanya. Tayar tana nan, kukan ya tafi. Sai dai Sagbo yakan rage wuta a tsakiyar titi ya karkata kunne, fasinja na zaginsa. Kafaɗarsa ta hagu kuma takan yi masa ciwo da damina. A asibiti sun ce yawan tuƙi ne. Bai gaya wa Tanti ba.